Mahshi a Tukunyarki: Shawarwari Kan Cusasshen Zukini Don Abincin Dare

A ƙasashen Sham, wato Lebanon da Siriya da Falasɗinu da Jodan, haka nan a Masar da Sudan, idan uwargida ta so iyalinta ko baƙonta su san ta zauna ta ɓata lokaci dominsu, mahshi take ɗorawa. Kayan lambu ne ake rarake cikinsu, a cusa shinkafa da niƙaƙƙen nama, a jera a tukunya a dafa cikin romon tumatir. Cikin waɗanda aka fi so akwai na zukini, ɗan uwan kabewa mai siffar kokwamba. Larabawa kusa suke ce masa, a kasuwannin Nijar kuma kurjet za ki tambaya. Wadda ta yi zama a Sudan, ko ta taɓa cin abinci a gidan 'yan Lebanon mazauna Kano, da wuya a ce ba ta haɗu da shi ba.

Ana yi masa kallon girkin masu hali, alhali rabin kilon nama yana ciyar da mutum shida a cikinsa, kuma ban da zukinin kansa kusan babu abin da ba ki da shi a ɗakin girki. Abin da yake ci shi ne lokaci da natsuwar hannu. Ga abubuwan da za su rage miki wahala, daga kasuwa har zuwa tire.

1. Ɗauki ƙanana, ki bar wa mai kaya manyan.
Wanda kike nema bai wuce tsawon santimita 10 zuwa 15 ba, miƙaƙƙe, mai tauri idan kin matsa, fatarsa na sheƙi. Babba yana jan ido a kan tebur, amma cikinsa 'ya'ya ne da ruwa, kuma kafin shinkafar tsakiyarsa ta nuna bayansa ya caɓe. Idan kin samu mai hasken kore, irin wanda ake dafawa a Sham, ya fi laushin fata da ɗan zaƙi. Mai duhun ma yana yi, kada launi ya sa ki fasa girki.

2. Tambayi masu kayan Jos.
Masu sayar da kabeji da karas da koren wake, waɗanda kayansu ke sauka daga Filato, su suka fi kawo shi. Ki saya ranar da za ki dafa ko ana gobe, domin yana saurin yaushi, kuma kada ruwa ya taɓa shi sai za ki fara aiki. Idan a firji ya kwana, fito da shi ya sha iska kamar awa guda, don mai sanyi ƙalau tsagewa yake yi a hannu wajen rarakewa.

3. Ɗanɗana kowanne kafin ki yi masa wahala.
Idan kin yanke hancin, ki ɗan lasa wurin: lafiyayyen zukini ba shi da ɗaci. Wanda kika ji yana ɗaci sosai ki jefar da shi, kada ki ce dahuwa za ta rage. Wani sinadari ne da dangin kabewa da duma kan tara wani lokaci, wuta ba ta kashe shi, kuma yana jawo murɗar ciki da amai da gudawa.

4. Ƙirga bakin da za ki ciyar.
Gidan mutum shida, kilo 2 na zukini ya isa, wato guda 20 zuwa 24 idan ƙanana ne, sai shinkafa gwangwanin madara biyu da nama rabin kilo. Babba kan ci uku zuwa huɗu, yaro biyu. Idan akwai samari a gidan ki ƙara kilo guda, kin fi ni sanin cikinsu.

5. Shinkafar tuwo ita ce ta wannan aiki.
Masarawa da mutanen Sham gajeriyar shinkafa mai ƙiba suke sawa, wadda ba a turara ba, mai laushi da ɗan danƙo idan ta dahu, kuma a kasuwarmu shinkafar tuwo ce ta fi kusa da ita. Tana kama nama ta riƙe shi, idan an yanka zukinin haɗin ya tsaya cak bai watse a faranti ba. Doguwar shinkafar dafa-duka tana daɗewa ba ta nuna ba, sannan warara take yi ta zube cikin romo. Idan ita kaɗai gare ki, jiƙa ta a ruwan zafi awa guda. Ki tsince tsakuwa da kyau, don a nan ba a ganinta sai haƙori ya same ta.

6. Jiƙa ta, amma kada ki dafa.
Wanke ta sau biyu ko uku, ki jiƙa minti 20 zuwa 30, ki tsane a kwando. Ɗanya za ta shiga cikin zukinin, ta sha ruwan nama da romon tumatir har ta nuna, kuma daga nan daɗin yake fitowa. Wadda aka riga aka tafasa cikinta ya cika da ruwan banza, ba ta da wurin shan romo.

7. Nemi nama mai ɗan kitse.
Na rago ya fi ƙamshi, na sa ya fi araha, duka suna yi muddin ba zallar tsoka ba ce, domin tsoka ita kaɗai bushewa take yi ta dunƙule. Ce wa mahauci ya haɗa miki da ɗan kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar, kuma ki tsaya a niƙa a gabanki cikin inji mai tsabta. Idan babu inji kusa, yanka shi ƙanana ki sassare da wuƙa a kan katako, ko ki daddaka a turmi bayan kin cire jijiyoyin. Ki roƙi 'yan ƙasusuwa ko guntun haƙarƙari a kan ciniki, suna da aiki a gaba.

8. Kayan ƙamshi kaɗan, amma waɗanda suka dace.
Ƙamshin mahshin Sham daga kirfa da masoro yake, da wani haɗi da za ki kusanta idan kin daka kanumfari uku ko huɗu da ɗan gyaɗar ƙamshi. Ga rabin kilon nama: rabin ƙaramin cokali na kirfa, rabi na masoro, ɗan barbaɗe na sauran, sai gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Kori da tayim ki ajiye su yau, za su mai da shi wani abinci daban. Attaruhu kuwa, tunda bakinmu ya saba, ki jajjaga ɗaya ko biyu ki sa a romo, ba a cikin haɗin ba, don yara su iya ci.

9. Haɗa da hannu, kuma ki gwada da wuta.
Zuba shinkafar da naman da kayan ƙamshi a roba, ki ƙara man shanu babban cokali biyu da markaɗaɗɗen tumatir ludayi ɗaya, ki cakuɗa da yatsu har sai babu dunƙulen nama shi kaɗai. Kada ki murza da ƙarfi, shinkafar da ta jiƙa karyewa take yi. Don jin gishiri, ɗebi ɗan naman ki soya a kasko ki ɗanɗana. Ɗanyen niƙaƙƙen nama ba abin kaiwa baki ba ne.

10. Ba sai kin sayi abin rarakewa ba.
A Sham suna da wani siririn ƙarfe mai kwarmi da aka yi don wannan aikin, kuma idan kina da mai zuwa Umara ko Alƙahira ba laifi ki yi sautu, ba shi da tsada. Kafin nan, abin feraye dankali mai tsinin baki yana yi, haka ma ƙotar ƙaramin cokalin ƙarfe mai faɗi. Wuƙa ce ba na so, domin tsininta kan huda bango kafin ki ankara, wani lokaci har da tafin hannu.

11. Rarake daga tsakiya, ki bi a hankali zuwa bango.
Yanke hancin, ki ɗan kankare busasshen tabon da ke ƙasa ba tare da kin buɗe shi ba. Auna tsawon zukinin da ƙarfenki daga waje, ki sa babban yatsa inda ya kamata ki tsaya, yadda za ki bar kaurin ɗan yatsa a ƙasa. Soka a tsakiya, ki juya zukinin da hannun hagu ƙarfen na tsaye, ki zaro totuwar, ki sake komawa kina kankarar gefe kaɗan kaɗan. Tafin hannun da ke riƙe da shi zai riƙa jin motsin ƙarfen ta cikin fata. Da zarar kin ji shi sosai, wurin ya isa.

12. Bangon ya yi siriri, amma ba fyal ba.
Kaurin milimita 3 zuwa 4 ake so, ko'ina daidai. Idan ya yi kauri, romo ba ya ratsa shi, a ci a ji lami. Idan ya yi siriri da yawa, fashewa zai yi a tukunya. Ɗaga shi saitin haske ki leƙa: inda ya yi duhu akwai sauran aiki.

13. Wanda ya huje ba asara ba ne.
Ƙaramar huda ba ta hana komai, ki cusa shi ki kwantar da shi hudar na kallon sama. Wanda ya tsage gida biyu ki yanka shi ki shimfiɗa a ƙasan tukunya.

14. Ɗauraye cikin da ruwan gishiri.
Cika roba da ruwa, ki sa gishiri babban cokali ɗaya da ɗan busasshen na'ana'a, ki tsoma rarakakkun minti goma. Wannan yana fitar da guntattakin totuwa, yana kuma sa gishiri ya shiga bangon tun daga ciki. Kife su a kwando bakinsu ƙasa su tsane, don ruwan da ya kwanta ciki yana tsinka haɗi.

15. Kada ki zauna ke kaɗai.
A gidajen Sham rarakewa aikin taro ne, uwa da 'ya'ya da maƙwabciya a gewaye da tire ana hira. Shimfiɗa tabarma, ki ba manyan yara rarakewa, ƙananan kuma su wanke hannu su yi cusawa, ƙananan yatsu ma sun fi shiga. Yaron da ya cusa da hannunsa ba ya yawan ture faranti ya ce ba ya cin kayan lambu.

16. Cika kashi uku cikin huɗu, ki tsaya.
Idan za ki manta da komai, kada ki manta da wannan. Shinkafa tana kumbura ta ninka idan ta sha ruwa, kuma idan ba ki bar mata wuri ba ɗayan biyu ne: ko ta fasa zukinin, ko ta dunƙule ta yi tauri tsakiyarta na garas-garas bayan kowa ya zauna cin abinci. Ɗebi haɗin kaɗan kaɗan ki jefa, ki ɗan bubbuga ƙasan zukinin a tafin hannu ya sauka da kansa, ba tare da kin danna da yatsa ba. Ma'auninki shi ne gaɓar farko ta manuniya: ki sa ta a bakin, idan ta shige kafin ta taɓa haɗin, daidai ne. Ki girgiza kusa da kunne ma, wanda aka cusa daidai za ki ji haɗin na ɗan motsi.

17. Toshe baki ba dole ba ne.
Haɗin da ke da nama yana kama jikinsa da zarar ya ji zafi, ba ya zubowa. Idan hankalinki bai kwanta ba, ki liƙa ɗan yankin tumatir a bakin kowanne.

18. Yi wa tukunya shimfiɗa.
Ɗauko mai kauri da faɗi, ki ɗan soya ƙasusuwan nan da man shanu su yi ja, ki baza su a ƙasa, ki rufe da yankakken tumatir da albasa. Wannan shimfiɗar ce ke hana na ƙasa kamawa, kuma ita ke ba romon ƙarfi. Ranar da babu ƙashi, dankalin Turawa da aka yanka da faɗi yana yi, kuma za ki ga ana rububinsa a ƙarshe.

19. Jera su a matse.
Kwantar da su gefe da gefe, bakinsu ya ɗan ɗaga sama, manya a ƙasa ƙanana a kai, kada ki bar musu filin juyawa. Idan tukunyar ta yi musu yawa ki canja ƙarama. Zukinin da ke yawo cikin tafasa shi ke amayar da shinkafarsa.

20. Romo mai ruwa-ruwa, ba miya mai kauri ba.
Markaɗa nunannun tumatir shida zuwa takwas da tattasai biyu, ki dama tumatirin gwangwani babban cokali biyu, ki ƙara ruwa ko romon nama kamar kofi huɗu, da gishiri da dunƙule idan kina sawa. Shinkafa ruwa take buƙata ta nuna, miya mai kauri ba ta shiga bakin zukini, sai dai ta kama ƙasan tukunya. Tafasa shi daban tukuna, ki ɗanɗana ki ji gishirin ya ɗan fito fiye da na miya, sannan ki zuba da zafinsa ta gefen tukunya har ya kusa shafe na sama.

21. Kifa faranti a kai.
Farantin tangaran ko na ƙarfe da zai shiga cikin tukunyar ki kifa a kansu ya danne, sannan ki sa murfi. Shi ke hana su tasowa su juya. Na roba kada ya kusanci wurin.

22. Tafasa ɗaya, sai ki rage wuta.
Bar ta ta tafaso sosai kamar minti biyar, sannan ki mai da wutar ƙasa yadda romon zai riƙa ɗan motsi kawai, minti 45 zuwa awa guda. A kan gawayi, kwashe rabin garwashin ki ajiye gefe, kina mayarwa kaɗan kaɗan. A kan itace, janye itacen ki bar rushi. Kada ki sa ludayi ki juya ko sau ɗaya, idan kina tsoron kamu ki kama kunnuwan tukunyar ki ɗan jijjiga. Ruwa ya ja baya kafin lokaci? Ƙara tafasasshe, ba mai sanyi ba.

23. Tafarnuwa da na'ana'a a ƙarshe suke shiga.
Saura minti goma ki sauke, ɗaga farantin, ki daka tafarnuwa ƙwaya biyar ko shida da ɗan gishiri, ki murtsuke busasshen na'ana'a babban cokali ɗaya a tafin hannu, ki zuba su tare da ruwan lemun tsami guda. Wannan ne ke bambanta mahshi da shinkafa da miyar tumatir, kuma ƙamshin da zai tashi zai gaya miki haka. Idan kin sa su tun farko ƙamshin ya bi tururi ya tafi. Na'ana'ar masu shayi ce dai, ki shanya ta a inuwa kwana biyu ko uku ki adana a kwalba; busasshiya ta fi ɗanya aiki a nan.

24. Yanka ɗaya ki duba, sannan ki bar tukunya ta huta.
Tsamo mafi girma daga na sama ki raba shi biyu: shinkafar tsakiya ta yi laushi, naman babu ja ko kaɗan. Idan da saura ki mayar ki ƙara minti goma. Bayan kin sauke ki bar ta a rufe kwatan awa, domin da zafin farko zukinin yana da rauni, yana hucewa kaɗan sai ya ɗaure ya tsamu lafiya.

25. Totuwar nan abinci ce, kada ta tafi bola.
Kin biya kuɗinta, kuma ta kai kusan rabin abin da kika sayo. Soya albasa, ki zuba totuwar da gishiri ki bari ruwanta ya ƙone, ki ƙara tafarnuwa da na'ana'a, ki fasa ƙwai uku ko huɗu a kai. Ga karin kumallon gobe da burodi, kuma haka ake yi da ita a gidajen Lebanon. Tana shiga miyar taushe ma ta narke ba a gane ta.

26. Ragowar haɗi ya shiga tattasai.
Koren tattasai, tumatir mai tauri, yalo, ganyen kabeji da aka ɗan tsoma a ruwan zafi aka naɗe, duk mahshi ne, kuma a Masar tukunya guda ake haɗa su. Ki sa tumatir da tattasai a sama don sun fi saurin nuna. Ranar da zukini ya yi tsada ko ya ɓace a kasuwa, da waɗannan kaɗai za ki yi girkinki, ba abin da ya ragu sai suna.

27. Babu nama? Bi hanyar Masarawa.
Nasu sau da yawa babu nama a ciki: a soya albasa da yawa, a zuba markaɗaɗɗen tumatir ya soyu ya yi kauri, a sauke a juye shinkafa da yankakken ganyen faski da ganyayen ƙamshin da suke kira kusbara da shabat. Idan faski da na'ana'a kaɗai kika samu, sun isa. Ki ƙara mai fiye da na mai nama, ki ƙara shinkafar zuwa gwangwani uku, kuma ki dafa da romon kaza ko na ƙashi idan da hali. Wannan haɗin ya fi son zubowa, a nan toshe baki da tumatir yana da amfani.

28. Gwada na kindirmo wata rana.
Mutanen Sham na da wani da suke kira kusa bil laban, inda miyar fara ce ta madara mai tsami, kuma kindirmonmu mai kauri, wanda ba a tsinka ba kuma babu sukari, ya dace da shi sarai. Dafa cusassun a romon nama zalla har su kusa nuna. A wata tukunya ki dama lita guda na kindirmo da kwanfulawa babban cokali biyu tun yana sanyi, ki ɗora a matsakaiciyar wuta kina juyawa ba tsayawa har ya tafaso, don da kin saki ludayi zai tsinke ya yi gudaji. Tsoma zukinin ciki, ki ƙara ludayi ɗaya ko biyu na romon, minti goma zuwa sha biyar ba murfi, sannan ki soya tafarnuwa da na'ana'a a man shanu ki kwarara a kai.

29. Idan manya kaɗai kika samu, tsaga su a tsaye.
Raba kowanne gida biyu, ki kwashe tsakiya da cokali, ki shafa mai da gishiri. Haka Italiyawa kan yi nasu. A nan sai kin soya naman kin dafa shinkafar tukuna, don babu romon da zai nunar da su. Cika su, ki zuba ɗan miyar tumatir, ki gasa a obin mai zafin digiri 190 na minti 25 zuwa 30, ko a tukunyar da kike gasa kek da garwashi sama da ƙasa.

30. Raba aikin da lokutan salla.
Idan bayan Isha ake cin abinci a gidanki, rarake bayan Azahar, ki haɗa ki cusa bayan La'asar, ki ɗora gab da Magariba, ta dahu a hankali kina kan sallaya. Rarakewa ana iya yinta tun jiya a sa a firji cikin leda. Amma wanda aka riga aka cusa da ɗanyen nama kada ya zauna a zafin kicin yana jira: ko firji, ko wuta.

31. Tsamo da cokali biyu, romo a kwano daban.
Jera su a tire, ki ɗora ƙasusuwan a tsakiya, ki yayyafa ɗan romo don kada su bushe, sauran ki kawo a kwano kowa ya ɗiba. Gurasa ta fi komai dacewa da dangwalar romon, sai kindirmo mai sanyi a gefe, da yankakken kokwamba da albasa da lemun tsami. Ajiye yaji kusa da maigida, kuma ki yanka wa ƙananan yara nasu ya sha iska, domin cikin yana riƙe zafi ko da wajen ya huce.

32. Abin da ya rage kada ya kwana a waje.
Dafaffiyar shinkafa da nama ba sa jure zama: cikin awa biyu su shiga firji, lokacin bazara kuwa cikin awa guda. Ajiye su cikin romonsu a mazubi mai murfi, a cinye cikin kwana biyu, kuma wajen ɗumame ki ƙara ɗan ruwa ki bari ya tafasa har tsakiya ta yi zafi. Idan wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, kada ki yi lissafin gobe da shi. Zuba a kwano ki aika wa maƙwabta tun da zafinsa.